Tauraron Jariri Da Haƙƙinsa A Kan Iyayensa

 

Batun wannan mako shi ne wata tambaya wadda ake yi a kan jariri tun bai cika kwana bakwai a duniya ba, watau: wane ne tauraronsa? Tambayar tsohuwa ce a ƙasar Hausa, sai dai a 'yan shekarun nan ta sake riga. A da sai uba ya saci jiki ya tafi zauren mai duba da ɗan abin sadakarsa. Yanzu kuwa akwai manhajoji a wayar hannu waɗanda suke neman abu uku, ranar haihuwa da sa'arta da sunan gari, sa'an nan su fitar da abin da suke kira buruji mai hudowa. Sai su ce shi ne yake nuna yadda yaron zai fuskanci duniya, ko mai kunya ne ko mai rawar kai, har su ba uwa shawarar yadda za ta rene shi. Irin wayar da take hannun ma'aikaci a Kaduna ita ce a hannun saurayi sabon aure a Manga ta ƙasar Zuru, a Jihar Kebbi, saboda haka ba za a ce abin na 'yan birni ne kaɗai ba.

Malaman usulu ba su yarda a yanke wa abu hukunci kafin a san shi ba. To, mene ne buruji mai hudowa? Hanyar da rana take bi a cikin taurari tsawon shekara, mutanen Babila ne suka raba ta kashi goma sha biyu, kowane kashi daraja talatin, wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Waɗannan su ne burujai: Rago, Sa, Tagwaye, Ƙaguwa, Zaki, Zangarniya, Sikeli, Kunama, Baka, Bunsuru, Guga da Kifi. Da yake ƙasa tana juyawa sau ɗaya a cikin dare da rana, dukan burujan nan suna hudowa daga gabas ɗaya bayan ɗaya, kowane yana cin kimanin awa biyu, watau daraja ɗaya a cikin minti huɗu. Wanda yake bakin gabas a daidai lokacin da yaro ya faɗo, shi ne Larabawa suke kira ɗali'i, ma'ana mai hudowa. Ya bambanta da burujin da wasu jaridu suke bugawa, wanda ake ɗauka daga rana da watan haihuwa kawai. Dalilin neman sunan gari kuwa shi ne sama ba ɗaya take ba a ko'ina: rana tana fitowa a Maiduguri kimanin rabin awa kafin ta fito a Zuru.

Har zuwa nan babu ƙarya, lissafi ne wanda kowane ɗalibin falaki zai iya yi. Da'awar tana farawa ne sa'ad da aka ce wannan buruji yana da hukunci a kan yaron. Batalimusa na Iskandariyya ya tsara wannan da'awa a ƙarni na biyu, Abu Ma'ashar na Balkh, wanda ya zauna a Bagadaza ya rasu a 886, ya shimfiɗa ta da Larabci. A wurinsu ɗali'i shi ne gida na farko, gidan rayuwa da jiki da ɗabi'a. Magadansu na yau su ne masu cewa ɗan Zaki zai so shugabanci, ɗan Kunama zai yi riƙo, ɗan Kifi zai yi raunin zuciya.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Muhammadu Alkashinawi, malamin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafin Durrul Manzum a kan hatimai da taurari, kuma a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin masanin tarihin nan na Masar, ya ƙare kwanakinsa. Amma abin da ya fi yaɗuwa a zauruka hanya ce mai sauƙi wadda take cikin wani ɗan littafi da ake jingina wa Abu Ma'ashar. Ba ta bukatar kallon sama ko kaɗan. Mai hisabi zai tara adadin haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa, ya yi ta zubar da sha biyu sha biyu, abin da ya rage shi ne burujinsa.

Ya kamata mai karatu ya gwada wannan lissafi da kansa, domin abin da yake cikinsa ya fi dogon wa'azi. A ɗauki yaro sunansa Salihu, mahaifiyarsa Maryamu. Maryamu adadinta 290. Salihu kuwa, a ƙidayar abajada ta mutanen gabas inda harafin Sadi yake 90, adadinsa 129. Jimla 419, idan aka zubar da sha biyu sha biyu saura 11, watau Guga. Amma a ƙidayar Magariba, wadda malaman Afirka ta Yamma suka gada, Sadi 60 ne, sai sunan ya zama 99, jimla 389, saura 5, watau Zaki. Yaro ɗaya, uwa ɗaya, malami na wannan unguwa ya ce Guga, na waccan ya ce Zaki. Bugu da ƙari, sunan nan ranar bakwai aka raɗa shi. Da uban ya sake shawara da asuba ya ce Usmanu, da tauraron ya sake, alhali yaron yana kwance a zanen goyonsa bai san abin da ake ciki ba.

Masu manhaja za su ce wannan ai aikin 'yan tsibbu ne, nasu lissafin da minti ake yinsa. To, ina mintin? Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. A gari irin Manga, idan aka tambayi tsohuwar da ta karɓi haihuwa a ɗaki, amsar da za ta bayar ita ce cikin dare ne, ko kuwa gab da carar zakara. Tsakanin lisha da asuba burujai huɗu ko biyar sun hudo sun wuce. Uban da ya cika wa manhaja sa'a da ƙiyasi, ita kuma ta ba shi hali da yaƙini, ya yaudari kansa ne da hannunsa.

Ko da an sami mintin ma, akwai sauran magana. Burujan da Turawa suke lissafi da su sun zame daga taurarin da aka ba su sunayensu, domin sandar da ƙasa take juyawa a kanta tana karkata a hankali, daraja ɗaya a cikin shekara 72. Hibarkus na Yunan ya gano haka tun ƙarni na biyu kafin Annabi Isa. A yau zamewar ta kai kimanin daraja 24, saura kaɗan buruji guda. Saboda haka yawancin yaran da manhaja take ce wa 'yan Rago, taurarin Kifi ne suke bakin gabas sa'ad da aka haife su. Masu duba na Indiya suna bin taurarin na zahiri, don haka su da na Turai sukan saɓa a kan yaro guda.

Sai kuma hujjar da kowace uwar tagwaye ta sani ba tare da an karanta mata ba. Hasan da Husaini sukan faɗo a ƙarƙashin buruji ɗaya, a ɗaki ɗaya, amma ɗaya ya tashi mai sanyi ɗaya mai zafi. Malamin Kirista Agustin, mutumin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya kafa wannan hujja da Yakubu da Isuwa tun ƙarni na biyar. A zamanin nan kuma an gwada abin da ƙidaya. An bi rayuwar mutum fiye da 2,000 waɗanda aka haifa a Landan a farkon watan Maris 1958, yawancinsu 'yan mintoci ne tsakaninsu, aka auna abu fiye da ɗari na halinsu da basirarsu da sana'arsu. Sakamakon da Geoffrey Dean da Ivan Kelly suka buga a 2003 bai nuna wata kama ta musamman a tsakaninsu ba.

Shari'a ba ta hana kallon sama ba. Suratul An'am da Suratun Nahli sun ambaci taurari a matsayin abin shiryuwa ga matafiyi, Suratu Yunus ta ambaci masaukan wata domin sanin shekaru da lissafi, akwai ma sura guda mai sunan burujai. Manomin dawa a ƙasar Zuru wanda yake lura da Kaza da 'Ya'yanta, ko malamin da yake ƙidaya masaukai ashirin da takwas, kowane kwana goma sha uku, yana ambaton Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha cikin damina, babu laifi a kansu muddin sun ɗauke su alamar lokaci. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, kuma wanda babu makarantar zaure da ba a karanta shi, ya taƙaita duban taurari ga sanin alƙibla da sassan dare, ya yi umurni da barin sauran. Imam Gazali ma ya raba fannin biyu a cikin Ihya'u, na lissafi da na hukunci, Ibn Khaldun kuma ya keɓe fasali guda a Muƙaddimarsa ta 1377 domin rushe na biyun.

Asalin wannan rabuwa yana cikin Sunna. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Zaidu ɗan Khalid cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da gari ya waye Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa mutane sun kasu biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah ya yi imani da Shi, wanda ya jingina shi ga tauraro ya yi imani da tauraron. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ɗebo wani yanki na ilmin taurari ɗebo yanki ne na sihiri, Muslim kuma ya kawo cewa mai zuwa wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in.

Amma abin da ya fi kusa da batun yara shi ne abin da ya faru a shekara ta goma bayan Hijira. Ibrahimu, ɗan Annabi daga Mariya, ya rasu bai cika shekara biyu ba, kuma a ranar aka yi husufin rana a Madina. Masana falaki sun lissafa shi ya faɗa 27 ga Janairu 632. Nan take mutane suka ce rana ta yi duhu saboda mutuwar Ibrahimu. A duba matsayin mahaifin a wannan sa'a: ga ɗansa ƙarami an binne, ga idanunsa da hawaye, ga jama'a sun kawo magana wadda za ta ɗaukaka shi da ɗansa a idon kowa, wadda kuma shiru kawai ya isa ya tabbatar da ita. Duk da haka ya tsaya ya yi salla da mutane, ya yi huɗuba ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba su yin husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Idan sama ba ta motsa ba saboda ɗan Fiyayyen Halitta, da wane dalili za a ce ta tsara kanta domin jaririn wani?

Malaman jihadi sun tarar da wannan al'ada a ƙasar nan, ba su kuwa yi mata sassauci ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya sa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa ko taurari ko kukan tsuntsaye cikin waɗanda ya yi wa hukunci mafi tsanani. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta wata risala ta musamman, Tanbihu Ahlil Fuhum, yana gargaɗi a kan nisantar masu rufa ido da masu taurari.

A nan wani zai ce: duk an ji, amma abin da aka faɗa a kan ɗana ya dace, kamar an gan shi. Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma masu yinta ba maƙaryata ba ne. Bayaninta kashi biyu ne. Na farko mai sauƙi ne. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai, alhali takarda ɗaya ce ya tsinto jimlolinta daga littafin taurari na kasuwa. Da aka ce su auna dacewarta, sai suka ba ta maki 4.3 cikin 5. Idan aka ce yaro yana da taurin kai wani lokaci amma yana da tausayi, wane yaro ne wannan bai dace da shi ba? Zuciya kuma takan riƙe abin da ya dace, ta manta da wanda ya kauce.

Kashi na biyu shi ne mai nauyi, kuma saboda shi aka ɗauko wannan batu. Maganar da aka faɗa a kan yaro tana aiki, ko da tauraron ba ya aiki. A ƙasar Asante, wadda fataken goro Hausawa suka daɗe da sani, ana raɗa wa yaro sunan ranar haihuwarsa, kamar yadda ake da Ɗanladi da Balarabe da Jummai. Sai dai su sun yi imani cewa ɗan Litinin, Kwadwo, mai sanyi ne mai son zaman lafiya, ɗan Laraba kuwa, Kwaku, mai zafin kai ne mai neman rikici. A 1954 wani masani, Gustav Jahoda, ya buga abin da ya samu a takardun kotun yara ta can: masu suna Kwadwo sun yi ƙaranci a cikin masu laifi, masu suna Kwaku kuwa sun yi yawa a laifuffukan faɗa da duka. Babu mai hankalin da zai ce ranar Laraba ce take zuba wa jariri fushi, domin Balarabe na Kano bai fi Ɗanlami faɗa ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne yaron da ya tashi kowa yana jiran rikici daga gare shi, ana fassara kowane motsinsa da rikici, a ƙarshe yakan ba mutane abin da suke jira.

A Japan abin ya wuce nan. Suna da camfi cewa yarinyar da aka haifa a shekarar Dokin Wuta, wadda take zagayowa bayan shekara sittin sittin, za ta zama mai ƙarfin kai har ta ga bayan mijinta. A 1965 an haifi yara kimanin miliyan 1.82, a 1966 da shekarar ta zo sai adadin ya faɗi zuwa miliyan 1.36, a 1967 ya koma sama da miliyan 1.9. Wannan ƙasa ce ta masu ilmi da masana'antu, ba a ce jahilci ne ya kai su ba.

Ba sai an je nesa ba. Harshen Hausa yana ɗauke da irin waɗannan hukunce-hukunce: wance mai farar ƙafa ce, wane ƙashin tsiya gare shi, wane kuwa tauraronsa mai haske ne. Ko kalmar sa'a ma, lokaci take nufi a asali, sai ta koma nufin dacewa. A ɗauka an haifi yarinya a wani gida, uwar ta rasu wurin haihuwa saboda jini ya ɓalle kuma asibiti ya yi nisa, sa'an nan wani ya buga ya ce burujinta mai nauyi ne. Daga ranar an ɗora wa marainiya laifin da na hanya ne da na rashin magani. Idan akuya ta mutu a gidan za a dube ta, idan ta girma mai neman aurenta zai ji raɗa. Ko kuwa a ɗauka an ce wa uba, cikin 'ya'yanka wannan ne mai tauraro. Shi za a kai makaranta, shi za a saya wa littafi, sauran su bi shanu. Bayan shekara ashirin idan ya zama wani abu sai a ce malam ya faɗa, a manta cewa kuɗin makaranta ne ya faɗa. Alhali kuwa sa'ad da Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya keɓe ɗansa ɗaya da kyauta ya nemi Annabi ya yi shaida, Annabi ƙi ya yi, ya kira abin zalunci, ya yi umurni da adalci tsakanin 'ya'ya. Fifikon da aka hana a kan dukiya, yaya zai halatta a kan zato?

Yabon ma ba ya rasa illa. Yaron da aka gaya wa tun yana ƙarami cewa shi ɗan Zaki ne, an haife shi don mulki, an ba shi uzurin girman kai kafin ya san harafi.

Akwai wata tambaya mai zurfi wadda bai kamata a kauce mata ba. Musulmi ya yi imani da ƙaddara. Hadisin Ibn Mas'ud ya nuna ana rubuta arzikin ɗan Adam da ajalinsa da aikinsa da makomarsa tun yana ciki. To, in haka ne, mene ne bambancin mai cewa an rubuta da mai cewa tauraro ya nuna? Ashe ba duka biyun sun rufe wa yaron ƙofa ba?

Bambancin yana wurin sani. Ƙaddara rubutacciya ce a wurin Allah, ɓoyayya ce ga bayi, kuma ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta sa abin da rai zai aikata gobe cikin abubuwan da babu mai saninsu sai Shi. Wannan ɓoyewa rahama ce babba ga yara, domin uban da bai san abin da aka rubuta wa ɗansa ba, ba shi da mafita sai ya yi masa kyakkyawan zato, ya koya masa, ya yi masa addu'a, ya sake gwadawa idan ya kasa. Sa'ad da sahabbai suka tambaya ko su dogara ga rubutun su bar aiki, umurnin da suka samu shi ne su yi aiki. Mai duba kuwa cewa yake yi ya leƙa littafin ya karanto shafin wannan yaro. Da zarar uba ya gaskata shi, ƙoƙarinsa ya ragu ta wani gefe, ko ya sani ko bai sani ba: me zai sa ya wahala a kan wanda aka ce ba zai ji ba? Haka kuma hadisin fiɗira, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna kowane jariri a kan tsarkin asali ake haihuwarsa, ya kuma ambaci waɗanda suke juya shi. Iyayensa ya ambata, bai ambaci buruji ba.

Wannan ba ya nufin yara duka ɗaya suke. Duk macen da ta goyi uku ta san wani yana zuwa da kuka wani da barci, kuma addini bai musa haka ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an halicci Adamu daga damƙar ƙasa ta ko'ina, shi ya sa zuriyarsa suka zo da mai sauƙi da mai tsauri. Annabi ya yaba wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi da haƙuri da natsuwa, a wata ruwaya kuma ya tabbatar masa cewa a kansu aka halicce shi. Ɗabi'a gaskiya ce, amma daga yaron ake karanta ta, da zama da shi da lura da shi shekara da shekaru, kuma ba ta da fuska ɗaya. Tsananin da Umaru ɗan Haɗɗabi ya yi wa Musulmi da shi a Makka, shi ne ya tsare musu haƙƙi da shi a Madina. Umaru ɗan Abu Salama kuwa yana yaro hannunsa yana yawo a cikin akushi, Annabi ya koya masa ya ambaci Allah, ya ci da dama, ya ci abin da yake gabansa, shi da kansa ya ce haka cinsa ya zama har abada. Da an ce burujinsa ne na haɗama, da an bar shi da ita.

Mutanen ƙasar Zuru ma suna da abin tunawa a cikin tarihinsu. A al'adar golmo ta Dakarkari, saurayi yakan yi shekaru yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Ko me za a ce game da nauyin wannan al'ada, ma'auninta a fili yake: ana sanin mutum ne a bakin kunya, bayan an ga damina da yawa a kansa.

Abin sha'awa shi ne fiƙihu ma yana tambayar lokacin haihuwa, amma don wata bukata dabam. A mazhabar Malik, idan an haifi yaro bayan fitowar alfijir ba a ƙidaya wannan rana cikin bakwai na yankan suna. Ana duba ko ya riski lokacin wajabcin zakkar fid da kai, domin a fitar masa. Ana duba ko ya yi kuka bayan faɗowa, domin da wannan ne gado yake tabbata gare shi. Iddar mai ciki kuma da haihuwar take ƙarewa. Kowace tambaya a nan haƙƙi take nema wa wani, babu wadda take neman hali. Haka nan likita yana son ranar don allurar riga-kafi, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana son ta don takardar haihuwa, wadda yaron zai nema ranar shiga makaranta. Saboda haka rubuta rana da sa'a a bangon littafi abu ne mai kyau, kuma ya kamata ungozoma da masu unguwanni su riƙa tuna wa mutane.

Saura wanda ya riga ya kai sunan ɗansa aka buga, ko ya cika wa manhaja ta ba shi amsa. Tuba tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ƙofarta kuwa a buɗe take. Amma akwai haƙƙin yaron, wanda istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Maganar da aka faɗa masa kada ta fita daga bakinsa, ko cikin wasa ko cikin fushi, kada ta kai kunnen kishiya ko na 'yan'uwan yaron, balle na yaron kansa. Idan kuwa ta riga ta fita, sai ya tara waɗanda suka ji, ya ƙaryata ta a gabansu kamar yadda ya faɗe ta a gabansu, sa'an nan ya duba cikin 'ya'yansa ko akwai wanda aka bari a baya saboda ita, ya kai shi makaranta tare da ɗan'uwansa.